Darasi na 9: Idan Aikin Jadawali Ya Tsaya Saboda Sabar Ta Ƙi Tantance Shi

Yawancin aikin da sabar ke yi, ba a gaban kowa take yin sa ba. Ƙarfe biyu na dare ta kwafe bayanan ranar zuwa wurin ajiya, da asuba ta haɗa rahoton ciniki, ƙarshen wata ta tura fayil ɗin albashi inda ya kamata. Waɗannan su ne ayyukan jadawali, wato ayyukan da aka yanka wa lokaci suna tashi da kansu. A Windows manhajar Task Scheduler ce ke kula da su, a Linux kuma cron, wadda ta samo asali daga Unix tun shekarun 1970. Illar irin wannan aiki ita ce idan ya tsaya ba ya ihu. Kwafin ajiya yana iya daina tafiya mako shida babu wanda ya sani, sai ranar da faifai ya mutu aka je neman bayanan aka tarar wayam. Cikin dalilan da ke tsayar da su, matsalar tantancewa ta fi yawan ruɗa ma'aikaci, domin umarnin da aka rubuta lafiyarsa ƙalau, ba a taɓa shi ba, amma ya ƙi tafiya. Abin da wannan darasi yake so ya kafa shi ne: aikin jadawali ɗan aike ne mai shiga da sunan wani asusu, kuma duk lokacin da aka hana shi wucewa akwai mai gadin da ya hana shi, ya kuma rubuta dalili. Gyara na gaskiya yana farawa ne daga gano sunan da ɗan aiken ya bayar da karanta abin da mai gadi ya rubuta, kafin a taɓa komai.

Sai mu fara da raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Tantancewa ita ce amsar tambayar "wane ne kai?", izini kuwa amsar "me aka yarda ka yi?". Mai gadi yana iya cewa bai san ka ba, yana kuma iya cewa ya san ka sarai amma ba a ba ka damar bi ta wannan ƙofa ba. A Windows ƙofofin ma suna da lambobi. Wanda ya zauna gaban kwamfuta ya buga kalmar sirri ya shiga ta nau'i na 2, wanda ya buɗe folda ta netwok nau'i na 3, wanda ya shiga daga nesa da Remote Desktop nau'i na 10. Aikin jadawali da aka saita ya tashi ko da mai asusun ba ya nan yana bi ta nau'i na 4, ƙofar ayyukan da ke gudana ba tare da mutum ba. Asusu ɗaya yana iya samun damar bi ta ƙofa ta 2 da ta 10, a rufe masa ta 4.

Nan ne amsar ƙorafin da aka fi ji daga masu koyo: "Ai na gwada da hannuna ya yi, to matsalar ba ta asusu ba ce." Wannan gwaji bai tabbatar da komai ba sai cewa umarnin yana aiki a hannun mai gwajin, a zaman da ya buɗe, da duk kayan da zaman ya tanadar masa. Ɗan aiken dare ba ya gadon waɗannan kaya. Harafin Z: da ma'aikaci yake gani a matsayin foldar ofis an ɗaura shi ne ga zamansa shi kaɗai, saboda haka aikin jadawali ba zai gan shi ba, dole a rubuta masa cikakken adireshin foldar mai farawa da sunan sabar. Idan an zaɓi kada a adana kalmar sirri wajen ƙirƙirar aikin, Windows za ta tashe shi da sunan asusun amma ba tare da shaidar da zai nuna wa wata kwamfuta ba, sai ya iya taɓa fayilolin cikin gida ya kasa kai wa foldar netwok. Haka nan kalmar sirrin da aka ɓoye a fayil da umarnin Export-Clixml na PowerShell, asusun da ya ɓoye ta ne kawai zai iya buɗe ta, a kan kwamfutar da aka ɓoye ta. Idan ma'aikaci ya ɓoye da nasa asusun, aikin kuma yana tafiya da wani, ba za ta buɗu ba har abada. A Linux ma haka abin yake: mabuɗin SSH da ssh-agent ke riƙe wa mutum a zamansa, cron bai san da shi ba. Gwajin da ke da ma'ana shi ne a tashi aikin daga cikin Task Scheduler ɗin kansa, ko a gwada umarnin da ainihin asusun da aikin ke amfani da shi.

To ina mai gadin yake rubuta dalilinsa? Wuri na farko shi ne sakamakon tashi na ƙarshe da Task Scheduler ke nunawa a gefen kowane aiki. Lambobin suna da ban tsoro a ido, amma kaɗan ne ke maimaituwa, kuma haruffa huɗu na ƙarshe su ne labarin. 0x8007052E na nufin sunan asusu ko kalmar sirri ba daidai ba. 0x80070569 na nufin an san asusun amma ba a ba shi wannan nau'in shiga ba. 0x80070532 kalmar sirri ta ƙare wa'adi, 0x80070533 an dakatar da asusun, 0x80070775 an kulle shi. Wani lokaci za ku gan su a rubuce da lambobin yau da kullum, misali 2147943726 ita ce dai 0x8007052E, 2147943785 kuma 0x80070569. Wuri na biyu shi ne tarihin aikin, wanda sau da yawa ake tarar da shi a kashe, saboda haka kunna shi yana cikin abin da ya kamata a yi ranar da aka kafa sabar. A can lamba 101 na cewa aikin ya kasa tashi, 104 kuma ta ce shiga da asusun ne ya gagara. Wuri na uku, wanda ya fi kowanne faɗin gaskiya, shi ne kundin tsaro a Event Viewer. Duk shigar da aka ƙi tana barin lamba 4625, tare da sunan asusu, nau'in shiga, da wata ƙaramar lamba mai fayyace dalili: 0xC000006A kalmar sirri kuskure, 0xC0000064 babu asusun ma gaba ɗaya, 0xC0000234 a kulle yake, 0xC000015B ba shi da damar wannan ƙofa. A duba 4625 mai nau'in shiga 4 a daidai mintin da aikin ya kamata ya tashi. Minti biyar na wannan karatu ya fi awa uku na laluben cikin duhu.

Dalilin da ya fi kowanne yawa shi ne tsohuwar kalmar sirri, kuma asalinsa ɗabi'a ce ta mutane. Ma'aikaci ya zo ƙirƙirar aiki, aka tambaye shi asusun da zai tafi da shi, ya sa nasa domin shi ne a kusa. Windows ta adana kalmar sirrinsa ta wannan rana. A domen ɗin Active Directory da ba a sauya saitinsa na asali ba, kalmar sirri tana ƙarewa bayan kwana 42. Ya sauya tasa kamar yadda aka umarce shi, amma kwafin da aikin ke riƙe da shi bai san an sauya ba. Daga daren nan aikin ya mutu. Idan kuma aikin yana tashi kowane minti biyar, a ofishin da aka ƙayyade yawan kuskuren da ake yafewa, ɗan aiken zai yi ta buga ƙofa da tsohon mabuɗi har a kulle asusun, ma'aikacin ya zo da safe ya kasa shiga kwamfutarsa, a buɗe masa, kafin azahar a sake kulle shi. Mutane kan ɗauka wani ne yake ƙoƙarin yi musu kutse. Lamba 4740 a kundin sabar da ke kula da domen tana faɗin sunan kwamfutar da kuskuren ke fitowa daga gare ta, kuma daga can umarnin schtasks /query /v zai jero ayyuka da asusun kowanne. Mafi muni shi ne ranar da ma'aikacin ya bar aiki aka rufe asusunsa, kamar yadda ya dace a yi, sai ayyuka goma sha da ya kafa cikin shekaru su faɗi tare a dare ɗaya.

Matsalar 0x80070569 tana da nata salon yaudara. Damar da ake buƙata sunanta a allon Windows "Log on as a batch job". Idan aka ƙirƙiri aiki da kalmar sirri, Task Scheduler kan yi ƙoƙarin ba asusun wannan dama da kanta. Amma a domen, idan akwai dokar Group Policy da ta jero waɗanda ke da damar, jerinta ne ke shafe na cikin gida, kuma sabar tana sake karɓar dokokin kusan kowane minti 90. Shi ya sa ake samun gyaran da ya yi da rana ya warware kafin dare. Umarnin gpresult zai nuna dokar da ke yin wannan, kuma a cikinta za a ƙara asusun. A kuma duba takwararta mai hanawa, domin idan asusu ya faɗo cikin jerin waɗanda aka ba da jerin waɗanda aka hana, hani ne ke rinjaye.

Akwai kuma dalilin da ba ya cikin asusu ko kalmar sirri, wato agogo. Tun Windows 2000, domen yana tantancewa ne da tsarin Kerberos, wanda aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980. Tsarin yana sa hatimin lokaci a kan shaidar da ake miƙawa domin kada wanda ya sace ta ya sake amfani da ita daga baya, kuma a saitin asali ba ya yarda agogon ɓangarorin biyu ya saɓa da fiye da minti biyar. Wannan ya shafe mu kai tsaye a wuraren da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa. Sabar da ke mutuwa tana tashi tsakanin wutar gari da janareto ta dogara ne da ɗan batirin da ke kan allonta wajen riƙe lokaci, kuma idan batirin ya yi sanyi tana iya farkawa da kwanan watan shekarun baya. Kalmar sirri daidai, dama daidai, amma a ƙi ta. Alamar ita ce 0xC0000133 a ƙarƙashin 4625, ko lamba 0x25 a bayanan Kerberos na sabar domen. Umarnin w32tm /query /status zai nuna inda sabar ke karɓar lokaci. Wanda bai karanta kundi ba zai sauya kalmar sirri sau uku a banza, ya kuma karya wasu ayyukan da ke amfani da ita, alhali batiri ne da saitin lokaci suke neman gyara.

Lambobin kuskuren da aka faɗa zuwa nan na matakin farko ne, wato tashin aikin. Akwai mataki na biyu. Idan tarihi ya nuna aikin ya tashi ya ƙare amma sakamakon 0x1 ne, ko ma 0x0 alhali babu abin da aka kwafe, to Windows ta yarda da ɗan aiken, can inda aka aike shi ne aka kore shi: rumbun bayanai, sabar wasiƙu, ko wata kwamfuta mai karɓar fayil. Task Scheduler ba ta ganin abin da ya faru a can, saboda haka wajibi ne kowane rubutaccen umarni ya riƙa zuba saƙonnin kuskurensa a fayil mai kwanan wata. A wannan mataki ne ake gamuwa da gazawar da ba mu muka jawo ta ba. A watan Oktoba 2022 Microsoft ya fara rufe shiga da suna da kalmar sirri zalla ta hanyoyi irin su POP da IMAP a Exchange Online, kuma umarnan da suka shekara suna karanta akwatin wasiƙa ta haka suka tsaya. Google ya yi makamancin haka ga asusun Gmail na gama-gari a ƙarshen Mayu 2022. OpenSSH 8.8, da ya fito a 2021, ya daina karɓar tsohon sa hannun RSA mai amfani da SHA-1 sai an kunna shi da gangan, wanda ya sa wasu ayyukan tura fayil zuwa tsofaffin na'urori suka tsaya bayan sabunta manhaja. Don haka tambayar "me ya sauya?" ba ta tsaya a kan sabar ɗinmu ba, ta haɗa da ɗaya gefen.

A Linux ƙa'idar ba ta sauya ba, wurin dubawa ne ya bambanta. A dangin Red Hat ana duba /var/log/cron, a Debian da Ubuntu kuma syslog ko journalctl. Idan kalmar sirrin asusu ta ƙare wa'adi, tsarin tantancewa na PAM yana iya hana cron tashin ayyukansa duk da cewa cron ba ya buga kalmar sirri, kuma chage -l zai nuna ranar ƙarewar. Inda ake amfani da Kerberos, tikitin da mutum ya karɓa da hannu yakan mutu bayan awa 10 a saitin Active Directory na asali, shi ya sa aikin da aka gwada da yamma ya yi yake faɗuwa kafin gari ya waye. Maganinsa fayil ɗin keytab, wanda aikin zai karɓi sabon tikiti da shi duk lokacin da ya tashi.

Wani zai ce duk wannan bincike na mai lokaci ne. Manaja yana tsaye a kai, albashi bai fita ba, me zai hana a sa asusun babban admin na domen, aiki ya tafi? Matsin gaskiya ne, kuma ba na raina shi. Amma a lura da abu biyu. Na farko, wannan dabara ba ta magance rabin abubuwan da muka lissafa: ba ta gyara agogo, ba ta dawo da harafin Z:, ba ta buɗe ƙofar da Microsoft ko Google suka rufe. Na biyu, inda ta yi aiki, kuɗinta ya fi ƙarfin matsalar. Kalmar sirrin da aka adana domin aikin jadawali dole ne sabar ta iya warware ta kafin ta yi amfani da ita, saboda haka duk wanda ya sami iko a kan wannan sabar yana iya kai wa gare ta. Sa asusun babban admin a can daidai yake da rataye mabuɗin gidan gaba ɗaya a ƙofar shago. A watan Mayu 2014 Microsoft ya fitar da gyaran MS14-025 ya cire damar adana kalmomin sirri a Group Policy Preferences, ciki har da na ayyukan jadawali, domin mabuɗin da ake ɓoye su da shi a bayyane yake ga kowa. A watan Yuni 2017 kuma muguwar manhajar NotPetya ta bazu a kamfanoni, har da kamfanin jiragen ruwa na Maersk, kuma ɗaya daga hanyoyin yaɗuwarta shi ne kwasar shaidar shiga daga kwamfutar da ta kama ta tsallaka da ita zuwa wata. Garin neman gira ake rasa ido. Idan lallai ana cikin gaggawa, a tashi umarnin da hannu sau ɗaya albashi ya fita, sannan a zauna a karanta kundi. Maimakon na babban admin, asusun SYSTEM na Windows ya fi dacewa ga aikin da bai wuce cikin sabar ba, tunda ba shi da kalmar sirrin da za ta ƙare, sai dai a san cewa ikonsa a cikin gida cikakke ne, a netwok kuma yana bayyana da sunan kwamfutar mai alamar $ a ƙarshe, kuma wannan suna ne za a ba izini a foldar da yake nema.

Ƙorafi na gaba ya fi wancan ƙarfi. Za a ce tunda ƙarewar kalmar sirri ce ke kashe ayyuka, a saita ta kada ta ƙare, musamman da yake hukumar NIST ta Amurka a jagorarta ta 2017 ta shawarci a daina tilasta sauya kalmar sirri lokaci-lokaci ba tare da dalili ba, Microsoft ma ya cire wannan sharaɗi daga shawarwarinsa na tsaro a 2019. Akwai gaskiya a nan. Waccan shawara ta ginu ne a kan halin ɗan Adam, wanda idan aka matsa masa sai ya ƙara lamba ɗaya a ƙarshen tsohuwar kalma. Kalmar sirri marar ƙarewa abin karɓa ce ga aikin jadawali, amma da sharuɗɗa: asusun ya zama na aikin ne shi kaɗai, kalmar ta zama doguwa wadda na'ura ta ƙirƙira, a hana asusun shiga ta ƙofa ta 2 da ta 10, izininsa kada ya wuce foldar da yake taɓawa, kuma a sauya kalmar duk ranar da wani da ya san ta ya bar aiki. Ƙaramin ofis marar domen a nan zai tsaya, kuma ya wadatar. Inda akwai domen kuwa, tun Windows Server 2012 akwai abin da ya fi: asusun gMSA, wanda Active Directory ke ƙirƙirar masa kalmar sirri mai tsawon bayit 240, ya sauya ta da kansa kowane kwana 30, babu mutumin da ke buga ta balle ya manta sabunta ta. Yana da ɗan wahalar kafawa. Sai an fara samar da tushen mabuɗin KDS, wanda kan ɗauki har awa 10 kafin ya fara aiki, sannan ana ɗaura asusun ga aikin ta PowerShell ko schtasks, kuma shi ma yana buƙatar damar ƙofa ta 4. Wahalar yini ɗaya ce, bayanta lambobin 052E da 0532 sun fita daga lissafin wannan aiki.

Saura batun shirun da muka fara da shi. Saƙon gargaɗin da aikin ke aikawa idan ya gaza ba ya isa, domin aikin da aka hana tashi ba zai aika komai ba, kuma idan saƙon yana bi ta asusun da ya lalace, tare za su mutu. Abin dogaro shi ne wani abu daban ya riƙa duba sakamako: shin akwai kwafin ajiya mai kwanan watan jiya, kuma girmansa ya yi kama da na shekaranjiya? A haɗa da rajista, ko da a littafi ce, mai ɗauke da sunan kowane aiki, sabar da yake kai, asusun da yake tafiya da shi, da wuraren da yake taɓawa, a riƙa buɗe ta kafin a sauya kalmar sirri ko a rufe asusun ma'aikaci.

Aikin gwaji na wannan mako za ku yi shi ne a kwamfutar koyo, ba a sabar ofis ba. Ku ƙirƙiri asusu na musamman da aiki mai rubuta lokaci a fayil kowane minti biyar, ku kunna tarihi, ku tabbatar yana tafiya. Sannan ku karya shi sau uku, kuna gyarawa kafin ku wuce: ku sauya kalmar sirrin asusun ba tare da sabunta aikin ba, ku cire masa damar ƙofa ta 4, ku dakatar da asusun. A kowane karo ku rubuta sakamakon da Task Scheduler ta nuna da ƙaramar lambar da ke ƙarƙashin 4625. Daga nan abokin karatunku ya karya aikin ta ɗaya daga cikin hanyoyin uku ba tare da ya faɗa muku ba, ku kuma ku gano wadda ya bi daga kundi kaɗai, ku rubuta amsarku a takarda kafin ku taɓa wani saiti.